Dagwalon Majemun Kano: A Garƙame Su Ko A Ƙara Haƙuri?

Ruwan da ya fita daga masana'antun Sharaɗa ba a Sharaɗa yake kwana ba. Lambatu yake bi ya faɗa rafin Salanta, Salanta ta kai shi kogin Challawa, inda zai tarar da ɗan'uwansa da ya gangaro daga rukunin masana'antu na wajen Panshekara. Challawa ta haɗu da kogin Kano a yankin Tamburawa, su miƙa Wudil, su zama kogin Haɗeja, su bazu cikin fadamun Nguru, abin da ya rage ya shiga Komadugu Yobe, ya bi iyakar Diffa ya nufi Tafkin Chadi. Na Bompai kuwa ta wata hanya yake bi: Getsi, Jakara, sai madatsar Wasai a Minjibir. Duk tsawon wannan tafiya akwai mai lambu da injin ban-ruwansa, akwai masunci, akwai makiyayi da garkensa, akwai yara masu wanka. Matatun ruwan sha na Challawa da Tamburawa ma a bakin waɗannan koguna suke.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗaya daga cikin magudanan nan ba ya buƙatar dogon bayani. Ruwan yakan fito baƙi ƙirin da safe, an jima ya koma shuɗi-shuɗi, wani lokaci ja, gwargwadon abin da aka zubar a ciki. Kumfa na taruwa a gefe, guntayen tsoka da gashi suna maƙale a jikin ciyawa, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da ke kama tufafi ya bi mutum har gida. 'Yan taku kaɗan daga nan za ka ga an jefa tiyo a ciki, inji na ruri, ruwan na kwarara cikin fangalin salak da alayyahu da kabeji. Washegari ganyen yana kasuwa, an yayyafa masa ruwa yana sheƙi.

A kan wannan ruwa ake ja-in-ja tun shekaru da dama. Wasu na cewa doka tana nan a rubuce, a ɗabbaƙa ta, duk majemar da ta ƙi tace dagwalonta a sa mata kwaɗo. Wasu kuma na cewa a yi hattara, masana'antun da suka rage a Kano tsirarun da suka tsira ne, in aka matsa musu za a wayi gari babu fata, babu aiki, kuma kogin ma ba lallai ya gyaru ba. Na saurari ɓangarorin biyu, kuma a ganina kowanne ya riƙe wani abu na gaskiya, sai dai nauyin abin da suka riƙe ba ɗaya ba ne.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a san me ke cikin ruwan. Jimar gargajiya, irin wadda majema ke yi a cikin birni tun kaka da kakanni, da toka da bagaruwa ake yin ta. Ita ma tana da wari, kuma tana cin kwanaki, amma abin da take fitarwa ƙasa na iya cinye shi. Jimar zamani daban ce. Fata kan iso masana'anta a cikin gishiri, a jiƙa ta a wanke gishirin. A zuba ta cikin manyan gangunan da ke juyawa tare da farar ƙasa da sinadarin salfaid don gashi ya zube, wanda shi ne tushen wannan wari. Sai a tsuma ta a asid, sannan a jeme ta da gishirin kuromiyam, ta fito da launin shuɗi mai haske, ba ta ruɓewa kuma. Abin da bagaruwa ke yi a makonni, kuromiyam na gama shi cikin yini guda ko biyu, shi ya sa mafi yawan fatar duniya da shi ake jeme ta. Matsalar ita ce fata ba ta shanye shi duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka zuba yakan biyo ruwa ya fita. Kuma aikin na shan ruwa ƙwarai: tan guda na ɗanyar fata kan lashe lita dubu talatin zuwa dubu hamsin, sannan fatar da za a samu a ƙarshe ba ta wuce rubu'in nauyin da aka fara da shi ba. Sauran duk shara ce da dagwalo.

Masu neman a tsananta doka da wannan lissafi suke fara magana. Suna cewa duk mai cewa tace ruwa na da tsada ya manta cewa ana biyan kuɗin tun yanzu, sai dai ba mai masana'anta ke biya ba. Masuncin da komarsa ke dawowa fanko yana biya. Mai lambun da gishiri ya kashe masa ƙasa yana biya, haka matar da rijiyar gidanta ta sauya ɗanɗano ta koma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Malaman Jami'ar Bayero da na wasu jami'o'i sun sha auna ruwan waɗannan rafuka da ƙasar lambunan da ganyayen da ake nomawa da kifin da ake kamawa, kuma sun sha samun kuromiyam da dalma da wasu ƙarafa masu guba fiye da ƙimar da aka yarda da ita. Irin wannan guba ba ta kayar da mutum nan take. A hankali take taruwa a ƙoda da hanta da ƙashi, ta yadda ranar da ciwo ya bayyana babu mai iya nuna bututun da ya jawo shi. Saboda haka ribar da majema ke ƙirgawa a ƙarshen shekara, in ji su, akwai haƙƙin wasu a ciki.

Suna kuma tunatar da mu yadda dokar muhalli ta samo asali a Najeriya. Har zuwa 1988 ƙasar ba ta da wata hukuma ta musamman kan wannan. Sai da aka gano cewa wasu 'yan kasuwar Italiya sun jibge fiye da tan dubu uku na shara mai guba a wani fili a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta, sannan gwamnatin Babangida ta farga. A shekarar aka yi dokar soja mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai zubar da irin wannan shara, aka kuma yi mai lamba 58 da ta kafa hukumar FEPA. A 1992 aka wajabta binciken illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 aka kafa hukumar ɗabbaƙa dokokin muhalli ta NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da masana'antun fata da takalma, waɗanda suka fayyace abin da ya halatta ya fita daga bututu da abin da bai halatta ba. Wato babu mai majemar da zai ce an yi masa ba-zata. Fiye da shekara talatin ke nan ana faɗa masa abu ɗaya.

Idan aka ce musu a ƙara haƙuri, sai su nuna kudu. A 1979 aka yi dokar da ta ce daga 1 ga Janairu 1984 kamfanonin mai su daina ƙona iskar gas a sararin sama. Ranar ta zo ta wuce. Aka sa tara wadda ba ta taka kara ta karya ba, har ta kai ga daga 1998 naira goma kacal ake biya kan kowace ƙafa dubu ta gas da aka ƙona, kuma haka ta zauna kusan shekara ashirin. Aka sa wa'adin 2008, ya wuce. Aka sa 2020, ya wuce. Yanzu 2030 ake magana. A 2005 babbar kotun tarayya da ke Benin ta yanke hukunci cewa ƙona gas a ƙauyen Iwherekan ya saɓa wa 'yancin rayuwa, amma wutar ba ta mutu ba. Sai a 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala biyu kan kowace ƙafa dubu ga manyan kamfanoni. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu sinadarin benzin a wasu rijiyoyin sha har ninki ɗari tara na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, ya kuma ce gyaran ɓarnar zai iya cin shekara ashirin da biyar zuwa talatin. Ga sakamakon haƙuri, in ji su. Duk wa'adin da aka ɗage sau ɗaya, mai laifi ya gane cewa za a sake ɗage shi.

Wasu cikinsu kan ƙara da hujjar addini, kuma ba ƙaramar hujja ba ce a gari irin Kano. Shari'a ta hana mutum yin bawali a ruwan da ba ya gudu wanda jama'a ke amfani da shi, ta hana ɓata mashaya da hanya da inuwar da ake hutawa. In an hana mutum ɗaya wannan, da wane ido za a kalli wanda ke sakin dubban litoci na guba kullum cikin ruwan da maƙwabtansa ke sha?

To, sai ka koma ofishin mai majema ka ji nasa. Ba zai ce maka ruwan na da kyau ba, shi ma yana da hanci. Abin da zai fara yi shi ne ya jawo takardar kuɗin wuta ya ajiye a gabanka. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin da aka fi ba wuta daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, kuma ko a hakan wutar ba ta tsayawa, dole janareta ya cike giɓi da dizal. Sinadaran jima daga waje ake sayo su da dala. Ruwa shi ya haƙa burtsatsensa, hanya shi ke cike ramukanta, tsaro shi ke biyan masu gadi. Matatar dagwalo kuwa ba gini ba ne da za a yi sau ɗaya a huta. Tana buƙatar injinan da ke hura iska cikin ruwa dare da rana, domin ƙananan halittun da ke cinye ƙazantar da iska suke rayuwa. In wuta ta ɗauke na dogon lokaci sai su mutu, a sake farawa daga tushe. Tana buƙatar sinadarai, da ma'aikacin da ya san aikin, da wurin da za a kai laka mai kuromiyam da ke kwantawa a ƙasan tanki. "Ranka ya daɗe," zai ce wa jami'in da ya zo duba shi, "in na tace ruwan, lakar ina zan kai ta? Nuna min wurin da gwamnati ta tanada." Sau da yawa jami'in ba shi da amsa.

Zai kuma ce maka ka je Kakuri a Kaduna ka ga yadda garin da masana'antunsa suka mutu yake zama. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban magidanta suka koma gida, wasu har suka rasu ba su ga haƙƙinsu na sallama ba. Ba dokar muhalli ce ta kashe masaƙun ba, rashin wuta ne da fasa-ƙwauri da tsadar kuɗin aiki. Amma darasin da mai majema ya ɗauka shi ne masana'antar Arewa da ƙyar take numfashi, kuma in ta faɗi ba ta tashi. A Sharaɗa da Bompai ma gine-ginen da suka koma rumbunan ajiya ko kangaye ba su ƙirguwa. Bayan majema ɗaya kuwa akwai jerin mutane masu tsawo: mahaucin ƙauye, mai sayen fata a kasuwar mako, dillali, mai gishiri, direba, dukawan Ƙofar Wambai da masu takalma da jaka. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can fatake ke kai musu ita, har yau tana cikin 'yan kayan da Arewa ke sayarwa waje ta samo kuɗin ƙasashen ƙetare. Kirgin shanu ma da ƙyar majemu ke samunsa, domin masu cin ganda sun riga su.

Hujjarsu mafi ƙarfi, a wurina, ita ce ta rashin daidaito. Wanda ya kashe kuɗi ya gina matata yana kunna ta, fatarsa za ta fi ta maƙwabcinsa tsada, maƙwabcin da ke sakin ruwansa cikin dare yana sallamar mai dubawa da ɗan abin goro. A kasuwa ɗaya za su kai kaya. Cikin 'yan shekaru mai gaskiyar ne zai rufe, mai maguɗin ya gaje kwastomominsa. Dokar da ake yi wa wasu ana tsallake wasu hukunci ce a kan wanda ya bi ta. Ga kuma tururuwar masu zuwa da takarda: na tarayya ya zo, na jiha ya zo, duba-gari na ƙaramar hukuma ya zo, kowa da kuɗin rajistarsa da lasisinsa. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ta daɗe tana kuka kan wannan tarin haraji. Wani mai masana'anta zai rantse maka cewa a duk masu zuwan nan, waɗanda suka taɓa ɗibar ruwa a kwalba suka tafi da shi ɗakin gwaji ba su da yawa. Rasit ake nema.

Suna da wata magana kuma da bai kamata a yi watsi da ita ba. In ka rufe babbar masana'anta mai adireshi da allo a ƙofa, aikin ba ya ɓacewa, yakan watse ne ya koma bayan gidaje, inda babu mai ganinsa. Bala'in gubar dalma na Zamfara a 2010, wanda ya kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ba daga wani kamfani mai rajista ya fito ba. A tsakar gida ake niƙa duwatsun zinariya, a inda yara ke rarrafe. Babu dokar da ta isa wurin sai bayan an fara haƙa ƙananan kaburbura.

Duk wannan gaskiya ne. Amma in aka bi hujjojin masu majemu ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa yawancinsu ƙorafi ne kan yadda ake aiwatar da doka. Babu ko ɗaya da ya nuna cewa kogin zai iya ci gaba da ɗaukar abin da ake zuba masa. Rashin daidaito maganinsa a yi wa kowa. Tarin masu karɓar kuɗi maganinsa a mayar da su ƙofa ɗaya. Maganar kuwa cewa masana'anta za ta mutu in ta tsaftace bayanta, Kotun Ƙolin Indiya ta amsa ta tun 1987 a shari'ar majemun Kanpur da ke zuba dagwalo a kogin Ganga. Ta ce kamar yadda ba a barin kamfanin da ya kasa biyan mafi ƙarancin albashi ya ci gaba da aiki, haka ba za a bar majemar da ta kasa gina ko da matakin farko na tace ruwa ba. Ban ga yadda za a karya wannan hujja ba. Da wani zai ce ba zai iya riba ba sai ya riƙe albashin leburori, babu wanda zai tausaya masa.

Sai dai labarin Kanpur ɗin bai tsaya a hukuncin ba, kuma ragowarsa gargaɗi ne ga masu son kwaɗo. An gina matatar haɗin gwiwa a unguwar Jajmau, inda majemu kusan ɗari huɗu suke, amma majemun suka yi mata yawa. Daga tsakiyar Disambar 2018 hukuma ta rufe su na watanni saboda bikin wankan addini da miliyoyin mabiya Hindu ke yi a kogin, ma'aikata suka watse, masu saye na waje suka koma wasu ƙasashe. A Bangaladesh ma haka. A Afrilun 2017 aka yanke wa majemun Hazaribagh na birnin Dhaka wuta da gas bisa umarnin kotu, aka tilasta musu ƙaura zuwa Savar, alhali babbar matatar da aka yi musu alkawari ba ta kammala yadda ya kamata ba. Dagwalon da ke kashe kogin Buriganga ya koma yana kashe kogin Dhaleshwari. Manyan kamfanonin takalma na Turai, waɗanda ba sa sayen fata sai daga majemar da ke da shaidar kula da muhalli, suka ja baya, aka koma sayarwa da araha. A Babbar Sallar 2019 farashin fatun layya ya faɗi warwas, har aka ga mutane suna binne su. Duk wanda ya san yadda makarantun allo da masallatai da ƙungiyoyin agaji a nan ke dogara da fatun layya zai gane girman wannan asara.

Akwai inda aka yi nasara. A Italiya, garuruwan jima irin su Santa Croce da Arzignano ba su ce kowace ƙaramar majema ta gina cikakkiyar matata ba. Bututu ɗaya ke kwashe dagwalon kowa zuwa babbar matata, majemun na cikin masu ita, kowa na biya gwargwadon yawan ruwansa da kaurin ƙazantarsa. A Santa Croce har wurin tattara ruwan kuromiyam suka yi, a fitar da sinadarin a mayar wa majemu su sake jima da shi. Wannan dabara ba sirri ba ce: a ware ruwan gangar jima daga sauran ruwa, a sa masa sinadarin da zai kwantar da kuromiyam ɗin, a narkar da lakar da asid, a sake amfani da ita. Tun da da dala ake sayo kuromiyam, wanda ke zubar da sulusinsa a lambatu kuɗinsa yake zubarwa. Cibiyar nazarin fata da ke Samarun Zariya an kafa ta ne don koyar da irin waɗannan abubuwa. Ko a batun gas ɗin ma, raguwar ƙona shi da aka samu ta fiye da rabi ta zo ne musamman bayan da masana'antar sarrafa gas ta Bonny ta fara aiki a 1999, gas ɗin ya samu inda za a kai shi a sayar. Tsoron hukuma kaɗai bai rage wutar ba. An fi bin doka idan akwai hanyar bin ta.

Kano ta sha jin labarin babbar matatar haɗin gwiwa ga Challawa da Sharaɗa da Bompai. An yi taruka, an yi jawabai, an ambaci asusun kula da muhalli na tarayya. Mutanen da ke zaune a bakin Salanta su ne alƙalan ko aikin ya kai inda ake so, kuma hancinsu ya ishe su shaida. Gini ma ba shi ne mai wuya ba a ƙasar nan. Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne wa zai sayi dizal a wata na bakwai, wa zai gyara famfo idan ya ƙone. Matatar da aka bar wa ma'aikatar gwamnati ita kaɗai, tana jiran kasafin kuɗi, ba za ta shekara biyu tana juyawa ba.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu ba su cika son taɓawa ba, wato awo. Tsarin da ake bi ya dogara sosai kan rahoton da masana'anta ke kawowa da kanta, ta hannun ƙwararren da ita ta ɗauka ta biya. Mai dubawa kuma yakan sanar da ranar zuwansa, wani lokaci ma a motar kamfanin za a ɗauko shi saboda ofishinsa babu mai. Ranar sai a share harabar, a kunna injinan hura iska, a sa wa leburori safar hannu da takalman roba sababbi fil. Ya tafi, a kashe. Kada a ɗauka wannan halin namu ne kaɗai. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen na Jamus ya sa wa motocin dizal kimanin miliyan 11 wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwada su, ta rage hayaƙi, in an hau titi kuma ta saki har ninki arba'in na abin da dokar Amurka ta yarda. Waɗanda suka bankaɗo shi 'yan bincike ne na wata jami'a da suka ɗaura na'ura a bayan mota suka bi titi da ita. In kamfani mai wannan girma zai yi haka a ƙasar da hukuma ke da haƙora, ba na jin akwai dalilin da zai sa mu yarda da takardar da mai bututu ya rubuta wa kansa.

Tarar ma abin dubawa ce. Dokar NESREA ta 2007 ta sa wa kamfanin da ya saki abu mai guba tarar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, da dubu hamsin kan kowace ranar da laifin ya ci gaba. A lokacin miliyan ɗaya ta kai dala dubu takwas, yau ba ta kai dala dubu ɗaya ba. An yi wa dokar gyara a 2018, amma duk tarar da aka rubuta da adadin naira, hauhawar farashi na cinye ta kafin a sake zama a majalisa. Mai masana'anta ɗan lissafi ne. In tara ta fi dizal ɗin wata guda araha, tara zai zaɓa, ya sa ta cikin kuɗin gudanarwa kamar kuɗin shara.

Hukuncina shi ne masu neman a ɗabbaƙa doka sun fi gaskiya, domin wanda ake cutarwa bai ci ribar fatar ba, ba a kuma nemi yardarsa ba. Amma kwaɗo ba shi ne matakin farko ba, kuma gwamnatin da ba ta sauke nata nauyin ba ba ta da bakin yin barazana. Abin da majema za ta iya yi a cikin harabarta, wato tace tsoka da gashi, raba ruwan salfaid da na asid, da kwato kuromiyam, wannan babu uzuri a kansa, a ba da wata shida ko shekara, wanda ya ƙi a rufe shi ko ɗan wane ne. Abin da ya fi ƙarfin majema ɗaya, wato babbar matata da wurin binne laka da tsayayyar wuta, gwamnatin jiha da ta tarayya su samar, majemun su riƙe gudanarwa su biya gwargwadon abin da suka zuba. A mayar da masu dubawa ƙofa ɗaya. A ɗaure tara da yawan dagwalon da aka saki, yadda ba za ta tsufa ba. Masu lambun bakin rafi kuma kada a kore su da sanda, ba su suka ɓata ruwan ba, a taimaka musu da rijiyoyin ban-ruwa.

Abu ɗaya kuma ba ya jiran kasafin kuɗi ko zaman majalisa. A ba jami'o'in da ke Kano dama su riƙa ɗibar ruwa a bakin kowane bututu ba tare da sanarwa ba, da rana da kuma tsakar dare, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo duk wata, da sunan kowace masana'anta da abin da aka samu a ruwanta. Wanda ya gyara a faɗa, ya samu abin nuna wa masu saye na waje. Wanda bai gyara ba, maƙwabtansa da limamin unguwarsa da abokan kasuwancinsa su ji. Ina kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da ofishin NESREA da shugabannin masu majemu su zauna su amince da wannan kafin rani ya kama, lokacin da ruwan kogi ke ja baya, dagwalo ya fi kauri, masu lambu kuma suka fi jefa tiyo a ciki.